Fusɗaɗ: Barikin Sojan da Ya Haifi Alkahira

A babban ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya da ke birnin Biyana, akwai wata 'yar guntuwar takarda da masana tarihi ke lallaɓawa kamar ƙwai. Rasit ne na tumaki 65. An rubuta shi da Girkanci da Larabci a watan Jimada Ula na shekara ta 22 bayan Hijira, wato Afrilun 643 Miladiyya, kuma yana cikin takardun Larabci mafi tsufa da ke ɗauke da kwanan wata. Abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba: wani kwamanda mai suna Abdullahi bin Jabir ya karɓi tumakin nan daga hannun jami'an garin Ihnasiya da ke Masar domin ciyar da mutanensa, kuma za a lissafa su cikin harajin da garin zai biya.

Mai karatu, ka lura da abin da takardar nan ke nunawa. Soja yana ci, dokinsa yana ci, iyalinsa suna ci, amma ba ya noma. Idan hukuma ta tara dubban irin waɗannan mutane a wuri guda, ta riƙa kwaso dukiyar ƙasa tana zuba musu a hannu, to ba sai an yi shela ba, mai burodi da mahauci da maƙeri da ɗan ga-ruwa za su zo da ƙafarsu. Mu ma ai mun san haka. Kalmar bariki daga sunan mazaunin soja na Turawa ta fito, amma yau idan aka ce wane ɗan bariki ne, ba wanda zai tambayi lambar kakinsa. Kalmar ta bar sojan ta koma kan garin da ya taso a gefensa.

Kafa irin wannan gari ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka daina biyan sojan, ko aka kwashe shi zuwa wani wuri. Wasu garuruwan a nan suke mutuwa, wasu kuma ko a jikinsu. Ban san wurin da ya fi nuna bambancin nan a fili kamar gabar Kogin Nilu ta gabas ba, inda aka kafa sansanonin soja har huɗu a jere cikin shekara 330, kowanne a arewa da wanda ya riga shi. Na farkonsu shi ne Fusɗaɗ.

Amru bin As, Allah Ya ƙara masa yarda, ya shiga Masar a ƙarshen 639 da mayaƙa wajen 4,000. Daga baya Halifa Umar ya aiko masa da ƙari a ƙarƙashin Zubairu bin Awwam. Babban abin da ya tare musu hanya shi ne wata ƙaƙƙarfar ganuwar Rumawa da ake kira Babilon (ba Babila ta Iraƙi ba, suna ne ya zo ɗaya), wadda aka gina a wajajen shekara ta 300 a bakin kogi. Sun yi mata ƙawanya na kusan wata bakwai kafin ta faɗi a Afrilun 641. Iskandariyya, babban birnin ƙasar na kusan shekara dubu, ta miƙa wuya ta hanyar yarjejeniya, Rumawa suka fice a 642.

To, ga birni a gine, da fadoji da gidajen da masu su suka gudu suka bari. Ibn Abdul Hakam, marubucin tarihin Masar da ya rasu a 871, ya ruwaito cewa Amru ya so ya zauna a can, amma Sayyidina Umar ya ƙi, domin ba ya son ruwa ya shiga tsakaninsa da rundunarsa. Kada ka ɗauka tsoron ruwa ne kawai irin na mutumin sahara. A wancan zamani Nilu yana ambaliya kowace shekara, ya mamaye filayen arewacin Masar na tsawon watanni, kuma Bahar Rum a hannun jiragen Rumawa take. Rundunar da ke Iskandariyya tana iya wayar gari da abokan gaba ta teku, ga ambaliya ta baya. Ba a jima ba kuwa aka ga gaskiyar lissafin: a 645 Rumawa suka dawo ta teku suka ƙwace birnin, sai da Amru ya sake yaƙi a 646 kafin ya karɓe shi.

Saboda haka aka koma inda aka kafa tantuna lokacin ƙawanyar Babilon. Wurin yana gabas da kogi, raƙumi zai tashi daga nan ya isa Madina ba tare da an sa shi a jirgi ba. Yana kuma dab da inda Nilu ke rabuwa rassa, don haka duk jirgin hatsin da ya taso daga kudu sai ya wuce ta gabansa. Ga tsibirin Rauda a tsakiyar kogin, wanda ya sa ƙetarewa zuwa Giza ta zo da sauƙi, har daga baya aka jera jiragen ruwa aka yi gada da su.

Game da sunan, akwai labari mai daɗi: wai da Amru zai tafi Iskandariyya ya tarar kurciya ta yi ƙwai a kan tantinsa, sai ya hana a kwance shi, da aka dawo aka gina gari kewaye da tantin, kuma fusɗaɗ a Larabci tanti ne. Masana harshe da yawa kuma suna ganin kalmar ta samo asali ne daga wata kalmar Rumawa mai nufin sansanin da aka zagaye da gwalalo. Ni dai na fi karkata ga ta biyun, ko da yake ta kurciyar ta fi daɗin ba yara.

Abin da aka kafa a 641 zuwa 642 ba za ka kira shi birni ba. Masallaci ne a tsakiya, tsawonsa bai wuce mita 29 ba, faɗinsa wajen 17, an yi rufinsa da itacen dabino, ba hasumiya. Kusa da shi gidan Amru. Sauran filin aka yanka wa kowace ƙabila nata yanki, wanda suke kira khiɗɗa. Yawancin rundunar mutanen Yaman ne, irin su Tujib da Gafiƙ da Ma'afir da Khaulan da Mahra. Waɗanda ƙabilunsu ba su da yawan da za a ba su yanki na kansu, ciki har da Ƙuraishawa da Ansaru, aka haɗa su kewaye da masallaci aka kira su mutanen tuta. Akwai unguwannin da ake kira Hamra na waɗanda ba Larabawa ba da suka biyo rundunar daga Sham. Tsakanin yanki da yanki kuwa fili ne fetal. Da jama'a ta ƙaru aka riƙa cike filayen nan da gini, hanyoyin ƙafa da ke tsakanin zango da zango suka zama lunguna masu karkace-karkace. Duk wanda ya san yadda tsohuwar unguwa ke cika a garuruwanmu, har ta kai gawa sai an karkata makara kafin a fita da ita, ya san abin da nake nufi.

Labarai biyu suna nuna ƙanƙantar wurin a farko. Gidan wanka na farko da aka gina, mutanen ƙasar da suka saba da manyan gidajen wankan Rumawa suka raɗa masa suna gidan wankan ɓera. Sannan an ruwaito cewa da Kharija bin Huzafa ya ɗora ɗaki a saman gidansa, maganar ta kai har Madina, Halifa ya nuna rashin amincewa saboda gudun leƙen gidajen maƙwabta. Ɗaki guda fa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kan benaye.

Yanzu ga injin da ya tuƙa komai. Sayyidina Umar bai raba gonakin Masar ga mayaƙa ba. Ya bar su a hannun manoma Kibɗawa, su noma su biya haraji, a tara harajin a Fusɗaɗ, a biya duk wanda sunansa ke cikin rajistar da ake kira diwani. Kuɗin shekara sunansa aɗa'u, abincin da ake rabawa kamar alkama da mai sunansa rizƙu. An hana sojan zama manomi. Abin da aka yarje masa shi ne fita ƙauyuka da bazarar can domin dawakai su yi kiwo su yi ƙiba, sannan ya dawo sansani. A zamanin Mu'awiya, marubutan tarihin Masar sun ce sunaye 40,000 ne a diwanin. Ka ɗora mata da 'ya'ya da bayi da barori a kan wannan adadi, ka ga taron bakunan da sai an ciyar da su kullum, kuma a hannunsu akwai dinari.

Masar ƙasa ce da ta ciyar da Rum, ta ciyar da Kusɗanɗiniya ɗaruruwan shekaru. Yanzu wannan arziki ya daina fita ta Iskandariyya, ya koma sauka a bakin wani sansani. Amru ya kuma sa aka yashe tsohuwar hanyar ruwan da Sarkin Rum Tarajan ya haƙa daga gindin Babilon zuwa Bahar Maliya, jiragen hatsi suka riƙa bi ta nan zuwa Hijaz. An toshe ta a zamanin Halifa Mansur a ƙarni na 8, amma guntunta da ya ratsa Alkahira ya ci gaba da ɗaukar ruwa har ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka cike shi aka yi titi.

Kada mu yi wa labarin kwalliya da yawa: wanda ya ɗauki nauyin ginin nan shi ne manomi. A 1901 an tono tarin takardu a wani ƙauye na kudancin Masar da Girkawa ke kira Afrodito, cikinsu har da wasiƙun gwamna Ƙurra bin Sharik, wanda ya hau mulki a 709, zuwa ga hakimin yankin mai suna Basiliyos. Ka karanta fassararsu ka ji yadda gari ke cin ƙauye. A aiko da kuɗin haraji domin lokacin biyan soja ya yi. A aiko da alkama. A aiko da kafintoci da masu toshe ɓarakar jirgi zuwa ma'aikatar jiragen ruwa ta Babilon, a aiko da ma'aikata domin gine-gine. A nemo waɗanda suka gudu daga ƙauyukansu saboda haraji a mayar da su. A cikin wasiƙun dai gwamnan yana gargaɗin hakimin kada ya zalunci talaka, amma buƙatun ba sa ƙarewa. Ba mamaki da aka yi ta samun tawayen Kibɗawa tun daga 725 har zuwa babban tawayen da Halifa Ma'amun ya zo Masar da kansa a 832 saboda shi.

Waɗancan kafintoci da magina da malaman lissafin haraji, da yawansu ba su koma gida ba. Aikin ofis ma da Girkanci aka ci gaba da yin sa har wajajen 706 da aka mayar da diwani Larabci, don haka Kiristocin da suka iya alƙalami suna da abin yi a garin. A zamanin Abdul'aziz bin Marwan, wanda ya yi gwamna shekara ashirin daga 685 zuwa 705, Fusɗaɗ ta samu kasuwanni masu rufi da manyan gidaje da gidajen wanka na sosai. Masallacin Amru kuwa faɗaɗa shi ake ta yi, tun daga 673, har Abdullahi bin Ɗahir ya ninka girmansa a 827.

Masallacin nan ya shafe ka kai tsaye, ko da ba ka taɓa jin sunan garin ba. Inda aka tara mutanen da ke da albashi da lokaci, da rigingimun gado da ciniki da sai an yi musu hukunci, ilimi yakan zauna. A Fusɗaɗ Abdurrahman bin Ƙasim, almajirin Imamu Malik, ya rayu har ya rasu a 806. Wurinsa Sahnun ya zo daga Ƙairawan ya ɗauki abin da ya zama Mudawwana. Ita kanta Ƙairawan sansanin soja ce da Uƙba bin Nafi'u ya kafa a 670, kuma daga can Risala ta Ibn Abi Zaid ta fito, wadda ake biyawa a zaurukanmu har gobe. Warshu, wanda da ruwayarsa ake rubuta allo a ƙasar Hausa, mutumin Masar ne, ya je Madina ya yi karatu wurin Nafi'u, ya dawo ya karantar har ya rasu a 812. Imamu Shafi'i ma a nan ya ƙare rayuwarsa a 820. Wato fiƙihun da aka raine mu a kansa ta barikoki biyu ya biyo kafin ya ƙetaro sahara.

Sai ranar gwaji ta zo. A 833 Halifa Mu'utasim, wanda ya dogara da sabuwar rundunarsa ta Turkawa, ya aiko wa gwamnan Masar umarni a cire Larabawa daga diwani, a daina biyansu. Kusan shekara 190 ke nan jikokin mayaƙan Amru suna karɓar wannan kuɗi a matsayin haƙƙin da kakanninsu suka bar musu. Wasu daga ƙabilun Lakhm da Juzam suka yi bore, aka murƙushe su ba da wata wahala ba. Bisa lissafin da muka fara da shi, nan ya kamata garin ya fara bushewa, tunda an kashe famfon da ya shayar da shi.

Bai bushe ba. A ganina dalilin shi ne, kafin a kashe famfon garin ya riga ya haƙa rijiyarsa. Jiragen da aka saba kawo wa soja alkama da su sun koyi ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Masaƙa da masu gilashi da magina tukwane sun samu masu saye da ba su da alaƙa da diwani. Jikokin sojan kansu sun zama malamai da fatake da masu gidajen haya, wasu suka bazu ƙauyuka suka auri 'yan ƙasa suka kama noman da aka hana kakanninsu, abin da ya taimaka wajen yaɗuwar Larabci a karkarar Masar. Harajin ƙasa kuma bai daina bi ta garin ba, hannun da ke karɓa ne ya sauya.

Ka kwatanta da maƙwabtanta. Da Abbasiyawa suka kawar da Umayyawa a 750, ba su yarda su zauna cikin mutanen Fusɗaɗ ba, sai suka gina nasu mazaunin a arewa da ita a 751, suka kira shi Al-Askar, wato soja, ko ɓoye-ɓoye babu. A 870 Ahmad bin Ɗulun, Baturken gwamnan da ya mayar da Masar kamar ƙasarsa ta kansa, ya ga Al-Askar ta yi wa rundunarsa kaɗan, ya ƙara matsawa arewa ya gina Ƙaɗa'i, inda kowane rukunin soja, Turkawa da baƙaƙen fata da Rumawa, ke da yankinsa. Ya yi fada da filin sukuwa da asibiti da katafaren masallacin da aka gama a 879. Shekara 35 kacal garin ya yi yana sharafi. A 905 rundunar Abbasiyawa ta dawo ta ƙone fadar ta rusa garin, masallacin ta bari, shi ne har yau yake tsaye. Ƙaɗa'i ba ta da wata sana'a sai hidimar gidan Ɗulun, da gidan ya faɗi ta bi shi. Al-Askar kuwa a hankali ta narke, ta zama unguwar bayan gari, daga baya ta zama kufai.

Na huɗun shi ne wanda Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya zana a 969: Alkahira. Ita ma ba don talakawa aka yi ta ba. Ganuwa ce da ta kewaye fadar halifa da unguwannin rukunonin soja, irin su Kutama da Zuwaila, da masallacin Azhar da aka fara gininsa a 970. Kusan shekara 200 aka yi ana mulki a Alkahira, ana neman kuɗi a Fusɗaɗ. Wannan ne ma zamanin da Fusɗaɗ ta fi bunƙasa, shekaru fiye da ɗari bayan an daina biyan sojanta.

Matafiyan ƙarni na 10 da na 11 sun bar mana bayaninta. Muƙaddasi ya fifita ta a kan Bagadaza. Ibn Hauƙal ya ga gidaje masu hawa biyar da shida da bakwai, wani gidan mutum 200 ne a ciki. Nasir Khusrau, Bafarishen da ya iso a 1047, ya ce akwai masu hawa goma sha huɗu, har ya ba da labarin wanda ya yi lambu a saman bene mai hawa bakwai, ya hau da ɗan maraƙi ya raine shi a can domin ya riƙa juya masa abin ɗebo ruwa. Hawa goma sha huɗun nan a sa masa gishiri kaɗan, matafiyi ba ya rasa ƙari. Amma ko bakwai ɗin ne, ka tuna garin da ɗaki guda a saman gida ya jawo wasiƙa daga Madina. Ya kuma ambaci lungunan da fitila ke ci a cikinsu dare da rana saboda rana ba ta isa ƙasa.

Likitan garin bai ga abin burgewa a nan ba. Ali bin Ridwan, haifaffen Giza, wanda masana taurari ke tunawa da shi saboda bayanin da ya bari na fashewar tauraron da aka gani a 1006, ya rubuta littafi sukutum kan cututtukan Masar. Ƙorafinsa a kan Fusɗaɗ kamar yau aka rubuta: gari a kwari, dutsen Muƙaɗɗam ya tare iskar gabas, lunguna matsattsu, benaye dogaye, hayaƙin gidajen wanka ya turnuƙe sama, mutane suna jefa mushen kyanwa da kare a hanya da cikin kogin da suke sha, magudanan masai suna zuba a ciki. Bai san ƙwayoyin cuta ba, a gurɓacewar iska ya ɗora laifin, amma idonsa ya ga inda matsalar take. Masu haƙa kuma sun nuna ɗaya gefen. Ali Bahgat, wanda ya fara tonon wurin a 1912, da tawagar Joj Sikanlon da ta yi aiki daga 1964, sun tarar da gidaje masu tsakar gida da kwarmin ruwa, da bututun ƙasa a cikin bango, da magudanai da ramukan masai da aka sassaƙa cikin dutse. Sun kuma kwaso fasassun tangaran na ƙasar Sin, an kuma samu guntayen yadin Indiya a jujin garin.

Mafi yawan abin da muka sani game da rayuwar yau da kullum a garin daga wani ɗakin ajiya ya fito. Yahudawan Fusɗaɗ ba sa yar da takardar da mai yiwuwa akwai sunan Allah a jikinta, ɗabi'ar da ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sai suka riƙa zuba tsofaffin takardu a wani ɗaki na majami'arsu ta Bin Ezra, shekara ɗaruruwa, busasshiyar iskar Masar ta adana su. A 1896 zuwa 1897 Solomon Shekta ya kwashi kaso mafi girma zuwa Jami'ar Kambirij, guntaye kusan 193,000. A ciki akwai takardun aure da na saki, da lissafin kanti, da takardar magani, da wasiƙun fatake daga Tunisiya da Sisili da Adan da gabar Indiya. Ka duba duk wannan, da wuya ka ji ƙamshin bariki. Maganar kattani ce, wato zaren lilin, da barkono da sukari da bashi da kuɗin haya. A ƙarni na 11 shugaban cocin Kibɗawa ma ya baro Iskandariyya ya dawo nan, cocin da aka ɗora a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Babilon ya zama mazauninsa.

To me ya kashe ta? Amsar da aka fi bayarwa ita ce gobarar 1168. Sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus, Amalrik, ya doso Masar, Fusɗaɗ ba ta da ganuwa, sai waziri Shawar ya umarci mutane su fice ya sa aka cinna mata wuta don kada abokan gaba su yi sansani a cikinta. Maƙrizi, wanda ya rubuta labarin bayan fiye da shekara 200, ya ce an yi amfani da tukwanen mai 20,000, wutar ta yi kwana 54 tana ci. Labarin ya yi kyau da ƙarshen fim, amma shaidu ba su goyi bayan cewa nan ne ƙarshen ba. Ibn Jubair ya ziyarci garin a 1183 ya tarar an sake gina mafi yawansa. Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likitan fadar Ayyubawa, a Fusɗaɗ ya zauna har ya rasu a 1204. Kuma Maƙrizin da kansa ya kawo labarin makarantar Malikiyya ta Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a shekarun 640 na Hijira, wajajen 1240 da 'yan kai, suna sauka a cikinta idan sun zo aikin Hajji, suna kuma aiko mata da kuɗi. Ba wanda zai taso daga bakin Tafkin Chadi ya gina makaranta a cikin toka.

Raunin gaske ya riga gobarar da shekara ɗari. Daga 1065 zuwa 1072, a zamanin Halifa Mustansir, rukunonin sojan Faɗimiyawa, Turkawa da baƙaƙen fata, suka kaure da yaƙi a tsakaninsu, baitulmali ya ƙare, Nilu ya gaza, yunwa da annoba suka biyo baya. Unguwannin gabas da na arewa suka zama kango. Da Badar Jamali ya dawo da doka, sai ya ba mutane izinin kwasar tubali da katako daga kangayen nan su yi gini a Alkahira. Garin da albashin soja ya kafa, rikicin soja a kan albashi ne ya fara karya shi.

Sauran ya zo a hankali. Salahuddini ya kawo ƙarshen Faɗimiyawa a 1171, Alkahira ta daina zama keɓaɓɓen wurin halifa da sojansa, 'yan kasuwa suka shiga suka kafa shaguna a inda fadoji suke. Ya fara ginin sabuwar ganuwar soja a kan dutse a 1176, masu mulki suka koma can. Wato Alkahira ta yi abin da Fusɗaɗ ta yi a baya, ta tashi daga bariki ta zama kasuwa, kuma kasuwa biyu ba sa ci a rana ɗaya a wuri ɗaya. Kogin ma ya juya baya. Nilu ya riƙa matsawa yamma yana barin yashi, mashigin da ke tsakanin garin da tsibirin Rauda ya riƙa cikewa sai an yashe. Annobar 1348 ta kwashe jama'a mai yawa. Zuwa ƙarni na 15 jiragen kaya sun koma sauka a Bulaƙ, can arewa, kusa da Alkahira.

Abin da ya rage shi ne 'yar siririyar unguwa a bakin kogi da ake kira Tsohuwar Masar, da coci-cocin da ke cikin ganuwar Babilon, da masallacin Amru wanda aka sake gina shi sau da yawa har babu ko tubali ɗaya na asali a jikinsa. Bayansu kuwa tuddan juji ne, inda Alkahira ta yi ɗaruruwan shekaru tana zubar da shararta. A ƙarni na 19 da farkon na 20 manoma suka riƙa haƙar ƙasar tuddan nan suna kaiwa gona a matsayin taki, abin da ya dagula wa masu bincike jerin shimfiɗun ƙasar da suke karanta zamani da su. Magina tukwane dai ba su tashi ba, har yanzu ana gasa tukwane a unguwar. A Afrilun 2021 aka ɗauko gawawwakin sarakunan tsohuwar Masar 22 daga gidan tarihin da ke dandalin Tahrir, aka yi musu jerin gwano da rakiyar soja, aka kai su sabon gidan tarihin da aka gina a Fusɗaɗ.